Ƙwaya da Ruwan Jini: Tarihin Wata Gardama Tsakanin Masana Garkuwar Jiki



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin wata tambaya guda ɗaya wadda ta raba kan likitocin Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Tambayar kuwa ita ce: idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, mene ne yake kashe ta? Wasu suka ce fararen ƙwayoyin jini ne suke cinye ta. Wasu suka ce a'a, wani sinadari ne da ke narke cikin ruwan jini. Nufina shi ne in bi sawun wannan gardama, in nuna yadda aka yi kusan shekara ɗari kafin a gano cewa amsar tana daidai wurin da abubuwan nan biyu suke haɗuwa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku. Idan na ce ƙwaya, ina nufin ɗaya daga cikin ƙananan halittun da aka gina jiki da su, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Idan na ce antijin, ina nufin duk wani baƙon abu da jiki yake iya shaidawa ya tashi a kansa, ko ƙwayar cuta ce, ko dafinta, ko wani ɓangare nata. Antibodi kuwa shi ne furotin ɗin da jiki yake ƙerawa musamman domin ya maƙale wa wani antijin, watau makarinsa.

Ƙayar da aka soka a Messina

Labarin ya fara ne da Elie Metchnikoff, masanin dabbobi, wanda aka haifa a 1845 a cikin daular Rasha. A shekarar 1882 ya ajiye aikinsa na koyarwa a jami'ar Odessa, ya koma Messina a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, yana nazarin ƙananan halittun teku. Daga cikinsu akwai jariran tauraron teku, waɗanda jikinsu garau yake kamar gilashi, har ana iya kallon ƙwayoyin da ke yawo a ciki. Wata rana a ƙarshen wannan shekara sai ya tsinko ƙayar furen wardi daga lambu, ya soka wa ɗaya daga cikinsu. Da gari ya waye ya duba, sai ya tarar ƙwayoyin nan masu yawo sun yi wa ƙayar dafifi.

Daga wannan ɗan abu Metchnikoff ya gina babban ra'ayi. Likitocin zamaninsa sun san fararen ƙwayoyin jini suna taruwa a wurin rauni, amma da yawa sun ɗauka cewa su ne suke ɗaukar cuta suna yaɗa ta a jiki. Shi kuwa ya ce masu tsaro ne, aikinsu haɗiye baƙo da narkar da shi. A 1883 aka laƙaba musu suna daga harshen Girka mai ma'anar ƙwayoyi masu ci, mu kuma za mu kira su maciya. Manyan cikinsu ya kira su makrofaj, watau babbar maciyiya. A 1888 ya koma Cibiyar Pasteur a birnin Paris, inda ya zauna har rasuwarsa a 1916.

Amsar Jamusawa

Ba a daɗe ba sai suka ta taso masa daga Jamus. A 1888 George Nuttall ya nuna cewa jini yana iya kashe wasu ƙwayoyin cuta ba tare da an ga maciya sun haɗiye su ba. Amma babbar hujjar ta zo a watan Disamba na 1890, sa'ad da Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato, suna aiki a birnin Balin ƙarƙashin Robert Koch, suka bayyana cewa idan aka ɗebi tsararren ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafin tetanas, aka zuba wa wata dabbar, to dafin cutar ba zai kashe ta ba. Behring ya nuna haka nan ga cutar mashaƙo. Babu ƙwaya ko ɗaya cikin wannan ruwa, amma ga shi yana ba da kariya. Cikin 'yan shekaru aka fara ceton yara da ruwan jinin doki, Behring kuma ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Har yanzu da makarin da ake samu daga jinin doki ake yi wa masu mashaƙo magani, kamar yadda muka gani a annobar da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022.

A nan tilas ne mu tuna cewa masana ma 'yan ƙasa ne. Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, har Louis Pasteur ya mayar wa jami'ar Bonn digirin girmamawar da ta ba shi. Saboda haka gardamar ƙwaya da ruwan jini ta zama gardamar Paris da Balin, kowane ɓangare yana neman gwajin da zai kunyata ɗan'uwansa. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Metchnikoff da Paul Ehrlich, jagoran masu ra'ayin ruwan jini, amma raba kyauta bai raba gardama ba.

Miyar Almroth Wright

Alhali kuwa tun a 1895 an riga an ga hanyar sulhu. Joseph Denys da Joseph Leclef, a Louvain ta ƙasar Beljiyam, sun lura cewa fararen ƙwayoyin zomo suna ƙara himmar haɗiye ƙwayoyin cuta idan aka zuba musu ruwan jinin zomon da aka yi wa rigakafi. A 1903 Almroth Wright da Stewart Douglas, a asibitin St Mary na birnin Landan, suka ƙara bin wannan magana, suka nuna cewa ruwan jinin a kan ƙwayar cutar yake aiki: yana shafe ta da wani abu wanda yake sa maciya su karɓe ta. Suka kira abin ofsonin, daga wata tsohuwar kalma mai ma'anar tanadar abinci. A namu harshen sai mu ce miya ce. Ƙwayar cuta gaya ce, maciyiya ba ta cika son ta ba sai an zuba mata miya. A 1904 Fred Neufeld da Willi Rimpau suka nuna cewa a jinin dabbar da aka yi wa rigakafi akwai irin wannan miya wadda zafi ba ya lalatawa, ita ce antibodi.

Maganar ta yi tashe a Ingila har George Bernard Shaw ya sa ta cikin wani wasan kwaikwayo nasa a 1906. Amma Wright ya yi gaggawa. Ya so ya riƙa auna yawan ofsonin a jinin majiyyaci domin ya san lokacin da zai yi masa allura, awon kuwa bai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba, yau ya ba da wannan amsa, gobe ya ba da wata. Da likitoci suka yi watsi da awon sai suka haɗa har da ra'ayin. Daga nan aka yi kusan shekara hamsin masana sun duƙufa a kan sinadarin antibodi, maciya kuwa aka bar su a matsayin masu share dattin jiki.

Yadda gwanda ta fasa antibodi

Abin mamaki shi ne, masu binciken sinadarin ne da kansu suka dawo da maganar ƙwaya. A 1939 Arne Tiselius da Elvin Kabat, a Uppsala ta ƙasar Suwidin, suka gano rukunin furotin ɗin jini wanda antibodi yake ciki. A 1959 Rodney Porter, a Landan, ya ɗauki antibodin zomo ya zuba masa wani sinadari mai narkar da nama da ake samu daga madarar ɗanyar gwanda. Antibodin ya rabu gida uku. Kashi biyu iri ɗaya ne, kowanne yana iya kama antijin. Na ukun ba ya kama komai, sai dai ya daskare ya zama ƙanƙara-ƙanƙara kamar gishiri, alamar cewa siffarsa kusan ɗaya ce a dukkan antibodin. Daga baya aka sa wa na farkon suna Fab, na ukun kuma Fc. Aikin Porter da na Gerald Edelman a Amurka, waɗanda suka raba kyautar Nobel ta 1972, ya nuna cewa antibodi yana da siffar gwafa: hannu biyu masu kama baƙo, da wutsiya ɗaya.

To, mene ne amfanin wutsiyar? A 1966 Arthur Berken da Baruj Benacerraf, a birnin New York, suka shafa wa jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya antibodi, suka ga suna manne wa makrofaj, suka kuma nuna cewa ta wutsiyar ne suke mannewa. Watau a fatar makrofaj akwai wata makama da aka yi domin wannan wutsiya. Ita ce ake kira makamar Fc. A 1975 Frank Griffin da Samuel Silverstein suka bayyana yadda haɗiyar take gudana: makama ta kama wutsiya, ta kusa da ita ma ta kama, fatar ƙwayar tana tafiya tana lulluɓe baƙon kamar yadda ake jan zif, har ta rufe shi a cikin wata 'yar jaka. A 1986 Jeffrey Ravetch da abokan aikinsa suka fito da ƙwayoyin gadon da ke ƙera waɗannan makamai. Da wannan aka gane abin da Wright ya gani tun 1903. Hannun antibodi yana riƙe da ƙwayar cuta, wutsiyarsa tana hannun maciyiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ci zuwa nuni

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce antibodi yana shaida ɓarawo, maciyiya tana hukunta shi, shi ke nan. Amma akwai rabi na biyu wanda ko Metchnikoff bai hango ba.

A cikin shekarun 1960 aka gano cewa wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da ake kira limfosayit iri biyu ne. Akwai ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, akwai ƙwayoyin T waɗanda wasunsu suke taimakon B, wasu kuma suke kashe ƙwayoyin jiki da cuta ta shiga cikinsu. Sai kuma aka lura cewa ƙwayar T ba ta ganin antijin yana yawo shi kaɗai, sai wata ƙwayar ta miƙa mata shi. A 1973 Alan Rosenthal da Ethan Shevach suka nuna da ɓeran Masar cewa tilas mai miƙawa da mai karɓa su yi tarayya a wata alamar gado da ake kira MHC. A 1974 Rolf Zinkernagel da Peter Doherty, a Canberra ta Ostireliya, suka nuna haka ga ƙwayoyin T masu kisa. A shekarar 1973 ɗin dai Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano wata ƙwaya mai rassa kamar bishiya a saifar ɓera, wadda daga baya ta tabbata ita ce ta fi kowa iya wannan miƙawa. An ba Steinman kyautar Nobel a 2011, kwana uku bayan rasuwarsa.

Wanda ya buɗe abin da ke faruwa a cikin cikin maciyiya shi ne Emil Unanue, haifaffen ƙasar Kuba. A 1981 shi da Kirk Ziegler suka ciyar da makrofaj ƙwayoyin cuta, suka ga cewa ba ta iya tayar da ƙwayar T nan take, sai bayan wani ɗan lokaci da bai wuce sa'a guda ba. A 1982 suka nuna cewa idan aka ba ta kulorokwin, maganin zazzaɓin nan da kowa ya sani, sai aikin ya tsaya, domin maganin yana rage tsamin jakar da ake narkewa a ciki. A 1985 ɗakin bincikensa ya nuna cewa guntun furotin yana zama kai tsaye a kan MHC. A 1987 kuma Pamela Bjorkman da abokan aikinta a jami'ar Harvard suka fito da siffar MHC, aka ga wani kwarmi a samansa, ga kuma gutsure kwance a ciki. Ashe MHC faifai ne wanda ƙwaya take ɗora gutsuren abin da ta ci a kai, ta fito da shi bakin ƙofa domin ƙwayoyin T masu wucewa su duba.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Yanzu sai mu haɗa rabin farko da na biyu. Ƙwaya mai rassa tana kurɓar ruwan da ke kewaye da ita a kowane lokaci, amma wannan kurɓa kamar kamun kifi ne da hannu a tsakiyar kogi: idan antijin kaɗan ne, da wuya ta samu abin da zai isa nuni. Idan kuwa antibodi ya riga ya kama antijin, to makamar Fc za ta tsinto shi daga cikin dubban abubuwa. A 1984 Esteban Celis da Tse Wen Chang suka nuna cewa ƙwayoyin T na mutum suna amsa antijin ɗin ciwon hanta nau'in B ko da ɗan kaɗan ne, muddin an haɗa shi da antibodinsa. A 1985 Antonio Lanzavecchia, a Basel ta ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa ƙwayar B ma tana amfani da antibodin da ke fatarta ta tsinci antijin, ta narkar, ta nuna wa ƙwayar T, ko da yawansa ya gaza abin da sauran ƙwayoyi suke bukata ninki dubu ko fiye.

Ga yadda aikin yake bi da bi. Antibodi da yawa suna maƙale wa antijin su zama dunƙule. Wutsiyoyinsu suna tara makaman Fc wuri guda a fatar ƙwaya, wannan taruwa kuwa ita ce ke aika saƙo ciki cewa a haɗiye. Dunƙulen ya shiga jaka, jakar ta yi tsami, sinadarai masu yanka furotin su daddatsa shi. A wannan jaka MHC nau'i na biyu yake ɗaukar gutsure ya kai fata, domin ƙwayoyin T masu taimako. A 1999 Armelle Regnault da Sebastian Amigorena, a Cibiyar Curie ta Paris, suka ƙara nuna abu biyu. Na farko, a cikin ƙwaya mai rassa wani kaso na antijin yana hawa MHC nau'i na ɗaya, wanda yake tayar da ƙwayoyin T masu kisa. Na biyu, kama wutsiyar kansa yana sa ƙwayar ta balaga, ta zama a shirye ta tayar da ƙwayoyin T a kaluluwa. Ƙwayar T da aka tayar kuwa ita ce za ta taimaki ƙwayar B ta ƙera antibodin da ya fi na farko kyau. Ta haka ruwan jini yake ciyar da ƙwaya, ƙwaya kuma take gyara ruwan jini.

Har wa yau, a cikin kaluluwa da saifa akwai wasu ƙwayoyi dabam waɗanda ba sa haɗiye dunƙulen, sai dai su riƙe shi ɗungurungum a fatarsu na tsawon watanni, ƙwayoyin B suna zuwa suna gwada kansu a kai. Gustav Nossal da Gordon Ada a birnin Melbourne suna cikin waɗanda suka fara nuna wannan a shekarun 1960. Kazalika an gano a shekarun 1990 cewa daga cikin makaman Fc akwai guda ɗaya, mai suna IIB, wadda aikinta birki ne. Ɓerayen da aka cire musu ita sukan wuce gona da iri wajen ƙera antibodi, wasu irinsu har jikinsu ya juya yana yaƙar kansa.

Amfani da haɗari

Wani zai ce, ina ruwan majiyyaci da duk wannan? Bari in kawo misali biyu.

Na farko zazzaɓin cizon sauro. A 1961 Sydney Cohen da Ian McGregor da abokin aikinsu suka ɗebi antibodi daga jinin manyan mutanen Gambiya waɗanda jikinsu ya saba da cutar, suka yi wa yara masu zazzaɓi allura da shi, ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai a jinin yaran. Wannan ya yi kama da nasarar Behring. Amma a 1990 Pierre Druilhe da abokan aikinsa na Cibiyar Pasteur suka nuna cewa antibodin manyan mutanen Afirka ta Yamma, wanda ya yi aiki a jikin majiyyata a ƙasar Tailan, ba ya hana ƙwayar cutar girma a kwalbar gwaji shi kaɗai, sai an haɗa shi da fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosayit. Saboda haka mai ƙera allurar rigakafi bai gama aiki ba don ya ga antibodi ya yi yawa, sai ya tambaya ko wutsiyarsa irin wadda maciya suke kamawa ce. Haka nan aka gani a 2000, sa'ad da Raphael Clynes da Ravetch suka nuna da ɓeraye cewa wasu magungunan ciwon daji da aka yi da antibodi suna rasa yawancin ƙarfinsu idan babu makaman Fc.

Na biyu zazzaɓin dengi, wanda bairas ɗinsa iri huɗu ne. Scott Halstead ya lura a Tailan cewa waɗanda cutar ta fi tsananta a kansu su ne masu kamuwa karo na biyu da wani iri dabam, da kuma jarirai 'yan watanni waɗanda antibodin da suka gada daga uwa ya fara raguwa. A 1977 shi da Edward O'Rourke suka nuna dalili: antibodin da ya kama bairas amma bai kashe ƙarfinsa ba, yana kai shi cikin monosayit ta makamar Fc, bairas ɗin kuwa a nan yake hayayyafa. Mai gadi ne ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ƙasar Kuba ta ga haka a zahiri: iri na ɗaya ya ratsa ƙasar a 1977 ba tare da ɓarna mai yawa ba, da iri na biyu ya zo a 1981 sai mutum 158 suka mutu, yawancinsu yara. A ƙarshen 2017 ƙasar Filifin ta dakatar da allurar rigakafin dengi da aka riga aka yi wa yara kimanin dubu 800, bayan da aka gano cewa tana ƙara haɗarin cuta mai tsanani ga waɗanda ba su taɓa kamuwa ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a yi wannan allura.

Kammalawa

Jama'a, waiwaye adon tafiya. Mun taso daga ƙayar Metchnikoff a 1882, muka bi ta ruwan jinin Behring a 1890, da miyar Wright a 1903, da gwandar Porter a 1959, da makamar Fc a 1966, da faifan MHC a shekarun 1980. Kowane ɓangare na masu gardamar farko gwajinsa daidai ne. Kuskurensu ɗaya, kowa ya shirya gwajinsa ta yadda zai cire ɗan'uwansa daga cikin kwalba, saboda haka abin da ke faruwa idan an haɗa su ya daɗe a ɓoye. Waɗanda suka fara haɗa su, irin su Denys da Leclef, ba su da babbar ƙungiya a bayansu, maganarsu ta jira shekara saba'in kafin a ga makamar da ta tabbatar da ita.

Ga ɗalibanmu masu shirin shiga bincike, shawarata ita ce: idan kuka tarar da malamai biyu suna jayayya, kowanne da hujja mai ƙarfi a hannunsa, ku nemi gwajin da zai sa abubuwan nasu biyu a kwalba ɗaya.